Goro: Itacen Kurmi da Hanyar Gwanja

A ƙasar Hausa, da duk inda Hausawa suka kafa zango, da wuya a yi wani sha'ani na kirki ba tare da goro ba. Da shi ake neman aure, da shi ake gayyatar suna, da shi ake gaida surukai da tsofaffi. Idan yaro ya sheƙo a guje ya ce wa babba, "Albishirinka," amsar ita ce, "Goro." Harshen kansa ya cika da shi, gama akwai goron gayyata, akwai goron salla, akwai kuma launin da ake ce wa ruwan goro. Duk da haka, cikin dubban masu cinsa a Maraɗi, da Damagaram, da Garwa, da Njamena, kaɗan ne ƙwarai suka taɓa ganin itacen da yake haifarsa. Goro ɗan kurmi ne, ba ya yi a ƙasar gero da dawa. Yadda ya zama abin da Bahaushe ba ya iya rabuwa da shi, da yadda ya ja Hausawa zuwa ƙasashe masu nisa, labari ne da ya rataya a kan halin itacen kansa, watau inda yake iya rayuwa, da abin da ƙwayarsa take bukata domin kada ta mutu a hanya.

Itacen da danginsa

Masana tsire-tsire sun lissafta ire-iren goro fiye da 100, dukansu 'yan Afirka ne, amma kaɗan daga cikinsu ake ci. A 1832 ne waɗansu masana biyu na ƙasar Ostiriya, Schott da Endlicher, suka ware wannan dangi suka sa masa suna Cola. Wanda Hausawa suka sani, mai ɓari biyu, shi ne Cola nitida. Yana da ɗan'uwa, Cola acuminata, wanda in an ɓare shi yakan rabu uku, ko huɗu, har shida. Irin wannan ne Hausawa suke ce wa hannun ruwa, ba su kuwa ba shi daraja sosai ba, ko da yake a wurin Yarabawa da Igbo shi ne goron al'ada. Namijin goro kuwa suna kaɗai ya haɗa su, wani itace ne dabam. A lissafin masana na yanzu, goro gida ɗaya ne da koko, wanda ake yin cakulan da shi, da kuka, da auduga, da kuɓewa, da yakuwa. Kukkuki na dajin arewa ma ɗan'uwansa ne na kusa.

Itacen goro yakan kai mita 10 zuwa 20 a tsayi. A cikin kurmi ba shi ne babba ba, yana zaune ne a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Kansa a dunƙule yake, ganyensa kore shar, mai kauri da sheƙi, ba ya kuwa kaɗe ganye da rani kamar kuka. Yana son ƙasa mai zurfi, mai taushi, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Yana bukatar ruwan sama da bai gaza milimita 1,200 a shekara ba. Yana iya jure rani na wata uku, amma rani na wata bakwai da iskar hunturu sun fi ƙarfinsa. Kano kuwa ruwanta bai cika kaiwa milimita 900 ba, na Damagaram ma wajen rabin wannan ne.

Akwai wani abu kuma game da inda Allah ya ajiye shi. Kurmin Afirka ta Yamma kashi biyu ne. A ƙasar Togo da Binin, dajin ciyawa ya gangara har bakin teku, ya raba kurmin yamma da na gabas. Goro mai ɓari biyu asalinsa a kurmin yamma yake, daga Gini da Saliyo, ta Laberiya da Kwaddibuwa, zuwa Gana. Kurmin gabas, wanda ya fi kusa da ƙasar Hausa, mai ɓari da yawa ne ya fi yawa a cikinsa. Wannan ne ya sa fataken dā suka bar kurmin Yarabawa a kusa, suka nufi yamma tafiyar watanni. A ƙasar Nufe kaɗai, cikin kurmin bakin rafi na Labozhi, aka sami ɗan goro mai ɓari biyu, wanda Hausawa suke kira labuje. Ba shi da yawa, saboda haka ya zama na sarakuna.

Fure, da kwasfa, da ƙwaya

Furen goro ƙarami ne, mai baki biyar kamar tauraro, fari-fari da zanen ja a ciki. Iri biyu ne a kan itace ɗaya, akwai namiji, akwai tamace wadda ta fi shi girma. Ƙwari ne suke ɗaukar garin namijin su kai wa tamacen. Amma itatuwa da yawa ba su karɓar garin furen kansu, sai na wani itace, wani lokaci ma ba na kowane itace ba. Shi ya sa manomi yakan ga itace ya yi kyau, ya cika da fure, amma a ƙarshe bai ba da kome ba.

Idan fure ya kama, bayan wata huɗu zuwa biyar 'ya'yan sukan nuna. Kwasfa ce kore mai ƙuraje, ta kai tsawon tafin hannu, sukan kuwa fito har biyar daga gindi ɗaya, a baje kamar yatsu. A cikin kowace akwai ƙwaya huɗu zuwa goma, kowace a lulluɓe da farar riga mai kauri. Fari da ja duk iri ɗaya ne, har akan same su a itace ɗaya. Wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin ƙwayar wani sinadari ne mai suna kafeyin, wanda yake cikin gahawa da shayi. Shi ne yake korar barci, ya rage jin yunwa da gajiya. Matafiyi kuma ya san cewa bayan ɗacin goro, ko ruwan da ba shi da daɗi yakan yi zaƙi a baki.

Abin lura a nan shi ne, goron da ake taunawa iri ne mai rai. Ɓari biyun nan su ne abincin tsiron da yake kwance a tsakaninsu. Hatsi akan shanya shi ya bushe a zuba a rumbu, amma goro in ya bushe ya mutu, ya taurare, darajarsa ta faɗi. In kuma laima ta yi masa yawa sai ya yi fumfuna. Saboda haka bayan an fasa kwasfa, akan jiƙa ƙwayoyin ko a tara su har farar rigar ta ruɓe, a wanke, a zuba cikin kwando 'yan kwanaki su tsane, sa'an nan a shimfiɗa ɗanyen ganye a naɗe su. Ganyen fita ne Hausawa suka sani da wannan aiki, ƙunshin kuwa shi ne huhun goro. Babban abokin gabansa wani ɗan ƙwaro ne mai dogon baki, wanda yake huda ƙwayar ya yi ƙwai a ciki, tsutsarsa ta cinye ta. Goron da ya kamu akan ce ya yi sankara, kalmar nan kuwa ita ce yanzu ake kiran ciwon daji da ita. Dole ne mai goro ya riƙa kwance huhu a kai a kai, ya tsince masu sankara, ya sake ganye, ya yayyafa ruwa. Wanda aka lura da shi haka yakan kai shekara, ya zama daushe, mai tsada.

Buɗewar hanya

Tun kafin Hausawa su shiga wannan ciniki, Wangarawa, fataken ƙasar Mali, suna ɗauko goro daga bakin kurmin yamma zuwa biranen kogin Kwara. Kalmar goro ma daga wajensu ta zo. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci goro a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438, inda ya ce Sarkin Nufe ya aika wa Amina ta Zazzau goro 10,000. Masana suna da saɓani a kan zamanin Amina, amma littafin ya ƙara da cewa a zamanin Abdullahi Burja, daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Gwanja ƙasa ce a arewacin Gana ta yanzu. Goro ba ya yi a can, amma ita ce ƙofar kurmi, inda mutanen kudu suke kawo shi su sadu da mutanen arewa.

Cinikin ya kai ƙarfinsa a ƙarni na 19, dalilai biyu kuwa suka haɗu. A kudu, daular Asante, wadda Hausawa suke kiran mutanenta Tonawa, ta ci gabashin Gwanja da Dagomba wajen 1744 zuwa 1745, a zamanin Sarki Opoku Ware. Da Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin bayi ta teku a 1807, sai Asante ta ƙara mai da fuskarta ga kasuwar arewa. A arewa kuma, jihadin da ya fara a 1804 ya haifi daular Sakkwato, babbar ƙasa mai yawan jama'a, inda giya ta zama haram, malamai da yawa kuma suka ƙi taba, amma ba wanda ya hana goro.

Waɗanda suka riƙe wannan fatauci su ne Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari. Ayari yakan tashi da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, daga Kano, ko Katsina, ko Jega. Yakan haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi, ya sauka Salaga. Wata hanya kuma ta bi ta ƙasar Gurma. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, zuwa da dawowa kuwa yakan ci wata shida har shekara. Madugu ne shugaba, shi yake sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa, jagaba kuma yana gaba yana neman masauki. Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, yana dawowa daga Gwanja, ya kimanta mutanensa sun fi 1,000, maza da mata, da dabbobi kamar yawansu. Barth kuma, wanda ya zo Kano a 1851, ya kimanta goron da yake shiga birnin ya fi kayan jaki 500 a shekara, ya kuma lura da saurin lalacewarsa.

Kayan da ake kaiwa su ne kanwa, da riguna, da baƙin zane, da fatu, da busasshiyar albasa, da dabbobi. A dawowa kuwa, duk tsarin tafiya yana bin bukatar goro. Sai an yada zango inda akwai ruwa da inuwa, a sauke kaya, a duba, a tsince. Wuraren da aka saba sauka suka zama unguwanni, da mai masauki, da dillali, da mahauci, da malami. Kalmar zango, wadda asalinta wurin kwanan ayari ne, ita ce har yau sunan unguwar baƙi a biranen Gana, da Togo, da Binin. Ta haka Hausa ta zama harshen kasuwa a wuraren da ba ƙasar Hausa ba.

A gabas ma akwai wata hanya ƙarama. Tuddan Kamaru, wajen Bamenda, da Banso, da Fumban, suna da nasu irin goro, fatake kuwa suna ɗaukarsa ta Banyo zuwa Adamawa da ƙasashen tafkin Cadi.

Salaga da abin da aka biya

Sarakunan Asante ba su yarda fataken arewa su shiga kurmi su saya da kansu ba. Sun tsare su a kasuwannin baki, Salaga kuwa ita ce babba. A lokacin nan ba a cika shuka goro a gona ba. Yana tsirowa da kansa cikin kurmi, manomi in yana saran gona sai ya bar shi tsaye, da kaka kuma a tsinci kwasfar da ta faɗo. Daga nan a ɗauko shi a ka, tafiyar kwanaki, zuwa Salaga. A can akan ware shi bisa ga girma, daga goriya da marsa har zuwa minu, a ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya goro 100.

Ba daidai ba ne a ba da wannan labari a ɓoye ɗacinsa. Salaga kasuwar goro ce, kasuwar bayi ce kuma. Mutanen da aka kamo daga ƙasashen Gurunsi da maƙwabtansu an sayar da su a can, da yawa kuwa an kai su kurmi, inda suka yi aikin tsintar goro da dakonsa. Cikin ayarin Hausawa ma akwai bayi masu ɗaukar kaya. Theophilus Opoku, wani fasto ɗan Akropong na Mishan ɗin Basel, ya isa Salaga a 1877, ya rubuta abin da ya gani na sayar da 'yan Adam a garin. Goron da aka raba a bukukuwan Kano da Sakkwato na wancan zamani, da guminsu a ciki. Ta teku kuma, goro ya bi bayin da aka kai Amurka. A Jamaika har yanzu ana kiransa da suna mai kama da na Asante, watau bese, a Barazil kuwa da sunan Yarabawa, obi. Daga bisani Turawa suka sa shi cikin magunguna da abin sha, har sunansa ya shiga cikin sunan Coca-Cola, wanda aka fara yi a Atlanta a 1886.

Ƙarshen ayari

A 1874 sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Gwanja ta ga dama ta samu, ta yi wa Asante tawaye, Asante kuwa ta rama ta hanyar hana goro zuwa Salaga. Kasuwa ta koma Atebubu da Kintampo. A 1892 yaƙin sarauta ya tashi a Salaga, baƙi suka watse zuwa Kete Karachi, da Yandi, da waɗansu garuruwa. Cikin waɗanda suka koma Kete Karachi akwai shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a can a 1934. Bayan Ingila ta kama Kumasi a 1896, ta kuma murƙushe tawayen 1900, sai ƙofar kurmi ta buɗe, Hausawa suka shiga har gindin itacen, zangon Kumasi ya cika.

A wannan lokaci kuma goro ya sami sabuwar hanya. Aka fara sa shi a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Hanyar jirgin ƙasa daga Sekondi ta isa Kumasi a 1903, wadda ta taso daga Ikko kuma ta isa Kano a 1911, aka buɗe ta ga ciniki a 1912. Tafiyar da take cin watanni ta koma ta 'yan makonni, hasarar hanya ta ragu, goro ya yi araha har talaka ya iya saye kullum. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, yana cikin waɗanda suka fara bin hanyar teku da goro, kafin ya koma Kano ya shahara a cinikin gyaɗa. Ya rasu a 1955. Madugai kuwa da jakunansu, zamaninsu ya wuce.

Daga tsinta zuwa shuka

Da yake goro iri ne mai rai, kowane huhu da aka sauke a Ikko yana ɗauke da abin shuka. Manoman da suke kewaye da birnin suka gwada, suka tarar kurminsu ya karɓe shi. Agege, wadda take kan hanyar jirgi, ta zama cibiya. A can akwai manyan manoma Kirista, babbansu Jacob Kehinde Coker, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ikilisiyar Afirka a 1901 bayan sun rabu da Anglikan. A 1907 suka kafa ƙungiyar manoman Agege. Koko ne suka fi shukawa da fari, amma da ƙasar ta gaza masa, farashinsa kuma ya faɗi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai goro ya ci gabansa. 'Yan ƙodagon da suke zuwa daga cikin ƙasar Yarabawa su yi aikin shekara sukan koma gida da iri, da sanin renonsa, waɗansu kuma da bangaskiyar da suka karɓa a can.

Daga Agege da Ota goro ya bazu zuwa ƙasar Egba, da Shagamu, da Ijebu. Yarabawa suka sa masa suna gbanja, watau Gwanja, domin su bambanta shi da nasu na gargajiya. Daga wajen 1930 goron ƙasar Yarabawa ya soma ture na Gana a kasuwannin arewa. Hausawa kuma suka bi shi, kamar yadda kakanninsu suka bi shi Salaga. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ta rayu ne a kan goro da shanu, haka kuma Sabo ta Shagamu. Tsarin bai sāke ba: maigida yana ba baƙo masauki, da wurin ajiya, da dillali, yana kuma tsaya masa a kan bashi. Daga nan ne maganar nan ta fito a Nijeriya, cewa Bayarabe yake shuka goro, Bahaushe ya ci, Igbo ya girmama shi.

Yadda ake renonsa

Noman goro aikin mai haƙuri ne. Akan zaɓi manyan ƙwayoyi masu lafiya daga itacen da aka san yana haihuwa. Sabon goro yana da nauyin tsiro, yakan yi wata biyu ko uku a ƙasa kafin ya fito, amma wanda aka ajiye 'yan watanni ya fi saurin tashi. Akan rene shi a inuwa wajen shekara guda, sa'an nan a dasa da farkon damina, a bar mita 7 zuwa 9 tsakanin itace da itace. Ƙaramin goro ba ya son rana, saboda haka akan dasa ayaba kusa da shi ta yi masa laima, a shuka rogo, ko gwaza, ko masara a tsakani domin iyali su sami abinci kafin itacen ya girma. A wurare da yawa kuma akan haɗa shi da koko a gona ɗaya.

Itacen da aka shuka daga ƙwaya ba ya fara haihuwa sai ya kai shekara 6 ko 7, ba ya kuwa kai cikakken ƙarfinsa sai wajen shekara 20. Daga nan yana iya ci gaba har shekara 70 ko fiye. Babbar kakarsa daga Oktoba zuwa Disamba ce. Akan ɗaura lauje a bakin doguwar gora a yanko kwasfa tun ba ta tsage ba, gama wadda ta faɗi ƙasa ta buɗe, ƙwaro yakan riga mai gona. Sai kuma a riƙa share gindin, a sare kaucin da yake hawa rassa.

Matsalar shuka daga ƙwaya ita ce, ɗa ba ya cika gadon uwa. Gona ɗaya takan ƙunshi itatuwa kaɗan masu haihuwa da yawa, da masu yawa da ba su ba da abin kirki. Masu bincike sun yi aiki a kan wannan a cibiyar binciken koko ta Nijeriya da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964, da takwararta ta Gana da ke Tafo. Wani masani ɗan Holan, van Eijnatten, wanda ya yi aiki a yammacin Nijeriya, ya buga littafi a kan goro da nomansa a 1969. Binciken ya nuna cewa in aka dasa reshen itace mai kyau, ko aka yi masa aure kamar yadda ake yi wa mangwaro, sabon itacen yakan gaji uwarsa, ya kuma fara haihuwa da wuri. Ya nuna kuma cewa in aka dasa itatuwan da furanninsu suke karɓar juna, ko aka kai garin fure da hannu, amfani yakan ninka.

Abin da yake gaba

A lissafin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, goron da duniya ta samar a shekarun 2010 zuwa 2020 ya kai wajen tan 300,000 a shekara. Nijeriya ce take da kusan rabi, sai Kwaddibuwa, da Kamaru, da Gana, da Saliyo. Manyan motoci ne yanzu suke kai shi Nijar, da Cadi, da Burkina Faso, da Mali. Cinikin ya sha wuya iri iri, kamar dokar korar baƙi ta Gana a 1969, wadda ta tashi 'yan kasuwa da yawa daga zangunan da aka haife su, amma bai mutu ba.

Hatsarin da yake fuskantarsa yanzu a gindin itacen yake. Mafi yawan kurmin da Gana da Kwaddibuwa suke da shi a 1900 ya tafi, ta wurin saran katako, da gonakin koko, da haƙar zinariya. Itatuwa da yawa a gonakin Yarabawa tsofaffi ne, shukar kakanni, irin da masu bincike suka gyara kuwa bai kai ga yawancin manoma ba. Saurayin da ya gaji gona yakan duba shekara bakwai na jira, ya gwammace abin da zai ba shi kuɗi da wuri. Akwai kuma batun lafiya. Domin tsoron sankara, waɗansu sun riƙa zuba wa goro maganin ƙwari irin su Gammalin 20, wanda gubar da take cikinsa aka haramta ta a yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm a 2009. Goro kuwa ɗanye ake cinsa, ba a dafawa, abin da aka zuba masa yana iya kaiwa cikin mai ci. Hanyar da fataken dā suka bi, ta yanka da wuri, da tsincewa, da sake ganye, tana da wahala, amma ba ta cutar da kowa.

Ƙwaryar goron da aka raba a bikin aure a Maraɗi ko a Marwa ta fito ne daga itacen da wani ya dasa shekaru 30 ko 50 da suka wuce, a ƙasar da ango da amarya ba su taɓa takawa ba, mai dashen kuwa watakila bai daɗe yana cin amfaninsa ba. Mutanen kurmi da mutanen arewa sun yi shekaru fiye da 500 suna dogara ga juna ta wannan hanya, da alherinta da muguntarta. Ko jikokin masu cin goro na yau za su sami na gayyatar nasu bikin, wannan ya dangana ga ko akwai masu dasa sababbin itatuwa a kurmi a damunan nan.